Yadda Ake Bin Diddigin Aikin Haƙa da Ciko ta Hanyar Gwama Awon Fili da Zanen Injiniya

A aikin hanya, ko madatsar ruwa, ko gyaran filin babban gini, tambayoyi uku ne ke dawowa duk ƙarshen wata: ƙasa nawa aka haƙe, ciko nawa aka yi, nawa ya rage? Ido ba ya iya amsa su, ƙirga sawun tifa kuma sai dai ya ba da ƙiyasi. Amsar da injiniya da ɗan kwangila za su iya sa wa hannu tana fitowa ne daga gwama fuskoki uku na fili guda. Akwai fuskar asali, wato yadda ƙasar take kafin katafila ta taɓa ta. Akwai fuskar zane, yadda ake so ta kasance in an gama. Sai fuskar yau, wadda safiyo ya auno a wannan makon. Lissafin kansa kwamfuta na yin sa cikin daƙiƙoƙi. Wahalar duk tana wajen tabbatar da cewa fuskokin ukun nan a kan ma'auni ɗaya suke zaune.

Fara da turakun tushe

Kafin komai a kafa turakun tushe, waɗanda masu awo ke kira bencimak: guntun rodi ko ƙusa da aka dasa cikin kankare, aka san matsayinsa da tsayinsa daidai. A kafa su a wajen iyakar aiki, inda tayar tifa da bakin gireda ba za su kai ba. Uku ne mafi ƙaranci a fili, domin idan biyu ne kawai kuma suka saɓa, ba ka da na ukun da zai nuna maka wanda ya motsa. A aikin hanya a jera su ta yadda kowane sashe na da aƙalla biyu a kusa. A zagaya su da na'urar lebur, mai auna bambancin tsayi, a dawo inda aka faro, a duba kuskuren rufewa, wato bambancin tsayin da aka faro da shi da wanda aka dawo da shi. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a aikin gini shi ne milimita 12 sau tushen murabba'in nisan da aka zagaya a kilomita. Zagayen kilomita 1 ke nan kada ya wuce milimita 12, na kilomita 4 kada ya wuce 24. Idan takardar kwangila ta faɗi wani ma'auni daban, nata ake bi.

Ga dalilin wannan tsanani. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan tsayin awon yau ya kauce da santimita 5 kacal, sama ko ƙasa, lissafi zai ƙirƙiro ko ya haɗiye kubik mita 500 a kowace hekta, alhali ko cokali ɗaya na ƙasa bai motsa ba. Irin wannan kuskuren ba ya nuna kansa a taswira, don duk filin ne ya ɗaga tare.

Abubuwan da suka fi jawo shi sanannu ne. Na'urar GPS tana auna tsayi daga wata siffar duniya ta lissafi, shi kuwa zane yawanci a kan tsayi daga matakin teku yake, kuma tazarar da ke tsakanin biyun tana kai gomman mitoci a wurare da yawa. Wannan da sauƙin kamawa saboda girmansa. Mai wuyar kamawa shi ne ƙaramin: an canza tsayin sandar GPS daga mita 2.0 zuwa 1.8 ba a gyara a na'ura ba, ko an kafa tashar tushe, wato na'urar GPS da ke tsaye wuri ɗaya tana aika gyara, a kan turken da aka buge, ko safiyo biyu sun yi amfani da saiti biyu. Akwai kuma batun sikeli. A tsarin taswira na UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, a tsakiyar kowace shiyya ana ninka nisa da 0.9996, wato bambancin santimita 40 a kilomita tsakanin nisan taswira da nisan da tef zai ba ka a ƙasa. A tambayi mai zane tun farko wane tsari ya bi, a rubuta, kowa ya bi shi.

Ka mayar da wannan al'ada: duk ranar awo a fara da auna turke sananne, a ƙare da auna wani daban. Idan bambancin ya wuce santimita 2 zuwa 3 da GPS, kada a ci gaba sai an gano dalili.

Awon asali, wanda ba ya maimaituwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar katafila ta shiga, fuskar asali ta tafi har abada, kuma duk wani lissafin biya a kanta zai dogara. Kada ka dogara da awon da mai zane ya yi amfani da shi, domin sau da yawa an yi shi da daɗewa, maki, wato wuraren da aka auna, sun yi nisa da juna, ko ruwa ya zaizaye wani wuri tun daga lokacin. A sake awo tare, safiyon ɗan kwangila da na injiniyan sa ido, su sa hannu a kan fayil ɗin da kwanan wata.

A yi awo biyu idan ana kankare ƙasar sama: ɗaya kafin kankarewa, ɗaya bayanta. Ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ba ta ciko, kuma yawanci layinta daban ne a takardar farashi. Kankare santimita 15 a hekta ɗaya kubik mita 1,500 ne. A wurin haƙa wannan adadin yana rage abin da ya saura a haƙa, a wurin ciko kuwa ƙara yawan cikon yake yi. Wanda ya manta da shi ya yi kuskure ta ɓangarori biyu.

Gyara fuskar zane kafin gwamawa

Nan ne mutane da dama ke faɗawa rami. Tsayin da ke kan zanen hanya galibi na saman kwalta ne, shi kuwa aikin ƙasa yana tsayawa ne a matakin da za a fara shimfiɗa sassan hanya a kansa, wanda ma'aikata ke kira fomeshan. Idan kwalta santimita 5 ce, dakakken dutse 20, jar ƙasar da ke ƙarƙashinsa 20, to sai a sauke fuskar zane da santimita 45. A hanya mai faɗin mita 10, mantawa da wannan kubik mita 4,500 ne a kowace kilomita. Haka abin yake a filin gini: a cire kaurin daɓen kankare da abin da ke ƙarƙashinsa. Kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Kafaɗar hanya, wurin ajiye motoci da wurin shuka ciyawa kowanne da nasa.

A karɓi zanen a fayil mai tsayi a ciki, irin LandXML ko DXF na 3D, ba hoton PDF ba. Sannan a zaɓi wurare biyar ko shida a gwada tsayin da fayil ya bayar da wanda aka buga a takardar da aka sa wa hannu. A rubuta lambar bugun zanen a kan kowane rahoto. Zane yana canzawa a tsakiyar aiki, a ɗaga hanya a wajen kwalbati ko a faɗaɗa lambatu, kuma duk lokacin da ya canza jimillar aikin ta canza. Kashi 60 na tsohon zane ba shi ne kashi 60 na sabo ba.

Awon yau

Na'urar da za a ɗauka ta danganta da matakin aiki. Lokacin haƙa da ciko mai yawa, GPS mai gyaran nan take, wato RTK, ta wadatar. Kuskurenta a tsayi yakan tsaya wajen santimita 2 zuwa 3 idan sama a buɗe take. Kusa da dogayen bishiyoyi, gine-gine ko cikin rami mai zurfi sai a koma total siteshan, na'urar da ke auna kusurwa da nisa. Idan an zo gyaran ƙarshe na fomeshan, inda kwangila ke iya neman kada a kauce da fiye da santimita biyu ko uku, na'urar lebur ce abin dogaro, ita ma bayan an gwada ta da gwajin turke biyu, mai nuna ko layin ganinta a daidaice yake.

Inda aka ɗora sanda ya fi yawan makin muhimmanci. Manhaja tana haɗa maki ne ta yi ragar alwatika, kuma ba ta san inda gangare ya fara ko ya ƙare ba sai an gaya mata. Don haka a bi kan gangare da gindinsa, bakin lambatu da cikinsa, gefen kowane mataki, a auna su a matsayin layi, a shigar da su a matsayin layin da alwatika ba za ta tsallaka ba. Idan ba a yi haka ba, alwatika za ta miƙe daga saman tudu zuwa tsakiyar rami ta cike kusurwar da ƙasar da babu ita. A shimfiɗaɗɗen wuri maki a tazarar mita 10 sun isa. A kuma zagaye iyakar awon da layi, a hana manhaja zana dogayen alwatika a wuraren da ba a taka ba.

Jirgi maras matuƙi yana rufe fili mai faɗi cikin ɗan lokaci kuma yana ba da maki miliyoyi, amma yana da sharuɗɗa. Hotuna su hau kan juna da kamar kashi 75 zuwa 80 ta gaba, 60 zuwa 70 ta gefe. A shimfiɗa alamomin ƙasa, waɗanda aka auna matsayinsu da tsayinsu kuma za su fito a hoto, aƙalla biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, a ƙara idan filin dogo ne ko yana da tudu da kwari. Idan alamomin duk a gefe suke ko a layi ɗaya, fuskar takan lanƙwashe kamar kwano, tsakiya ta ɗaga ko ta nutse. A ware wasu alamomi da ba za a ba manhaja ba, don a gwada sakamakon da su. Kuskuren tsayi yakan kai ninki biyu zuwa uku na faɗin ƙasar da ƙwayar hoto (pixel) ɗaya ke ɗauka. Idan ƙwayar santimita 2 ce, ka sa ran 4 zuwa 6. Sannan kyamara abin da ta gani take aunawa: saman ciyawa, rufin tifa, tulin bututu. Duk sai an goge su. Ruwan da ya kwanta a rami kuwa yana ba da maki na banza, sai a auna ƙasansa da sanda.

Ƙaramin abu mai ɓata yini guda: fayil ɗin maki da ya zo da arewa kafin gabas, manhaja kuma tana jiran gabas kafin arewa. Idan awonka ya faɗa wata duniya daban da zane, nan za ka fara dubawa.

A tsayar da ranar awo, a rubuta har da sa'a. Fili na canzawa kowace awa, kuma awon da aka fara Litinin aka gama Laraba yana iya ƙirga ƙasa ɗaya sau biyu, a inda aka haƙe ta da inda aka zuba ta, ko ya rasa ta gaba ɗaya.

Lissafin

A aiki mai tsawo kamar hanya ko magudanar ruwa, ana yanka layin gicciye kowace mita 20 ko 25, a matso da su a kwana da inda ƙasa ke saurin canzawa. A kowane yanka a fitar da faɗin wurin da ke tsakanin fuskoki biyu, a haɗa na yanka biyu maƙwabta, a raba biyu, a ninka da tazararsu. Misali, tsakanin fuskar asali da ta zane, yankan farko ya ba da murabba'in mita 18.4 na haƙa, na gaba da shi a mita 25 ya ba da 22.0. Matsakaicinsu 20.2, sau 25, kubik mita 505. Wannan ne dukan aikin sashen. Yanzu a gwama fuskar yau da ta zane: saura 6.0 da 9.2, matsakaici 7.6, sau 25, kubik mita 190. An yi 315 ke nan, kashi 62 cikin ɗari.

Wannan hanyar tana ƙara gishiri idan yanka biyun sun bambanta sosai. Inda haƙa ke ƙarewa ciko ya fara, ɗaya gefen sifili ne, siffar kuma ta fi kama da dala. Murabba'in mita 22 da ya tsuke zuwa sifili a mita 10 zai ba da 110 ta hanyar matsakaici, alhali in dala ce 73 ne, wato faɗi sau tsawo a raba uku. A sa ƙarin yanka a daidai wurin sauyin.

A fili mai faɗi, manhaja irin Civil 3D ko Trimble Business Center tana gwama raga da raga kai tsaye, QGIS da CloudCompare ma suna iya wannan aiki kyauta. Hanyoyin biyu ba sa ba da adadi ɗaya daidai, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yi jimillar aiki da hanya ɗaya a yi ci gaban wata da wata. A bi wadda kwangila ta ambata daga farko har ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a rahoton. Kada a taɓa karanta adadin da manhaja ke bayarwa bayan ta cire ciko daga haƙa a matsayin abin da ya rage. Idan saura haƙa 3,700 da ciko 3,500, za ta nuna 200, mai karatu ya ɗauka an kusa gamawa, alhali akwai aikin kubik mita 7,200 a gaba. Haƙa da layinsa, ciko da layinsa.

Na biyu, ba duk ƙasar da ta motsa ce ci gaba ba. A ce dukan haƙan zane 12,000 ne. Gwama fuskar asali da ta yau ta nuna an kwashe 9,000, wanda zai zama kashi 75. Amma da aka duba, 700 daga ciki an haƙe su ne ƙasa da matakin zane ko a wajen iyakar gangare. Ci gaban gaskiya 8,300 ne, kashi 69, saura 3,700. Wancan 700 kuwa ba a biya, kuma ya zama sabon aiki, don sai an mayar da ciko an daddanne. Shi ya sa ake gwamawa sau uku: asali da zane, asali da yau, yau da zane. Abin da aka yi a cikin iyakar zane, a haɗa da abin da ya rage, dole ya ba da jimilla. Idan bai bayar ba, ko dai an wuce iyaka, ko iyakokin awon ba ɗaya ba ne, ko tsayi ya kauce.

Me ya sa lissafin tifa bai yi daidai da na safiyo ba

Wannan gardamar ba ta ƙarewa a wurin aiki, kuma sau da yawa ba wanda ya ci amanar wani. Ƙasa tana da girma uku. Tana kwance a inda Allah ya ajiye ta girmanta daban, an haƙe ta ta sha iska ta kumbura, an zuba ta rola ta danne ta ta tsuke. Ƙasa ta gama-gari takan kumbura da kamar kashi 25, yashi ƙasa da haka, yumɓu fiye da haka, fasasshen dutse kuwa yana haura kashi 50. Kubik mita 1,000 a kududdufin ɗibar ƙasa zai iya zama 1,250 a bayan mota, sawu 125 na tifa mai ɗaukar 10, ya koma wajen 900 bayan dannewa. Mai ƙirga sawu zai ce 1,250, safiyo ya ce 900, kuma duka biyun sun yi gaskiya. Waɗannan alƙaluma na farawa ne kawai. A fitar da na wurin ta hanyar auna kududdufin kafin ɗiba da bayanta, a ƙirga sawun, a auna cikon da ya fito. A kowane rahoto a rubuta wane girma ake nufi.

Tulin ƙasar da aka tara a gefe a auna shi daban. Idan yana cikin iyakar ciko, manhaja za ta ɗauke shi a matsayin cikon da aka gama.

Haka ma cikon da bai ci jarrabawa ba. Ana zuba ciko ne shimfiɗa bayan shimfiɗa, yawanci kaurin santimita 15 zuwa 20 bayan dannewa, a gwada kowace da gwajin yashi ko makamancinsa, kuma kwangiloli da yawa suna neman kashi 95 na iyakar dannuwar da gwajin Proctor na ɗakin gwaji ya nuna. Awon safiyo tsayi kawai yake gani, bai san ko shimfiɗar ta dannu ba. Don haka a ajiye rahoton ɗakin gwaji kusa da na awo, duk sashen da ya faɗi a cire shi daga ci gaba har sai an sake shi. A ƙasa mai laushi kuma akwai akasin haka: nauyin ciko yana nutsar da ƙasar da ke ƙarƙashi, awo ya nuna ƙasa da abin da aka zuba. Maganinsa faranti ne na ƙarfe mai sanda da ake ajiyewa a kan ƙasar kafin a fara ciko, ana auna kan sandar lokaci-lokaci. Nutsewar santimita 10 a hekta ɗaya kubik mita 1,000 ne da ba a gani.

Taswirar launi da abin da za a kai wa direbobi

Adadi na ofis ne. Abin da fomen ke buƙata shi ne inda zai tura injin gobe da safe. A fitar da taswirar bambanci tsakanin fuskar yau da ta zane: ja inda ƙasa ta yi yawa, shuɗi inda ta gaza, kore inda take cikin abin da kwangila ta yarda. A bar ma'anar launukan yadda take kowane mako, kada a canza. Karanta taswirar ma fasaha ce. Idan duk filin ya yi ja kaɗan daidai wa daida, har da wuraren da ba a taɓa ba, matsalar awo ce ba ta ƙasa ba. Shi ya sa yake da kyau a riƙa haɗawa da wani tsohon daɓe ko kwalta da ba ta motsi a kowane awo. Idan ja da shuɗi suka bi gefuna biyu na hanya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ko dai layin tsakiya ya goce ko karkatar hanyar ba ta fita daidai ba.

A sa ido sosai a kan gindin gangaren ciko tun yana ƙasa. Cikon mita 3 mai gangare ɗaya cikin biyu, wato mita biyu a kwance ga kowace mita ɗaya ta tsayi, gindinsa ya kamata ya kasance mita 6 daga bakin sama. Idan awo ya nuna an fara shi a 5.2, kuma ba a lura ba sai da aka kai sama, hanyar za ta fito a tsuke. Liƙa ƙasa a gefe ba ya gyara wannan, don rola ba ta iya danne siririn ciko a jikin gangare, ruwan sama na farko zai tafi da shi. Sai an yanka matakai a jikin tsohon cikon a sake ginawa daga ƙasa. Awon mako-mako ne ke kama wannan tun cikon bai wuce shimfiɗa uku ba.

Game da yawan awo: na biya sau ɗaya a wata, tare da ɓangarorin biyu, na tafiyar da aiki kowane mako ko mako biyu, sannan dole a yi awo duk lokacin da wani abu zai rufu, kamar saman dutse da aka tarar kafin a fasa shi, ko ramin da aka kwashe ƙasa maras kyau kafin a cike shi. Farashin haƙar dutse daban yake da na ƙasa, kuma in an fasa ba a auna ba, hujja ta tafi.

Don hasashen ranar gamawa, a ɗauki saurin makonnin baya-bayan nan, kada a ɗauki matsakaicin dukan aikin. Idan an haƙa 1,800 a kwanakin aiki 12, kubik mita 150 ke nan a rana, saura 3,700 zai ci kwana 25. A ƙara wani abu a kai, domin santimita 20 na ƙarshe da gyaran gangare suna cin lokaci mai yawa alhali ƙasar da ke fita kaɗan ce. A wannan matakin a daina auna ci gaba da kubik mita, a koma ƙirga tsawon hanya ko faɗin filin da injiniya ya duba tsayinsa da dannuwarsa ya karɓa.